Alfa ta kai 0.93 amma sufabaiza ya ce ban auna komai ba, ina matsalar take?

Ɗalibar_aji_huɗu:

Assalamu alaikum yayyena da malamaina, dan Allah ina neman wanda zai warware min wani abu don wallahi tun jiya na kasa barcin kirki. Ina ajin ƙarshe ne a sashen nazarin halayyar ɗan Adam, furojet ɗina kuma a kan yadda ɗalibai ke kallon mutanen da suka taɓa samun taɓin hankali ne, ko suna ƙyamarsu ko ba sa yi. Na zaɓi maudu'in ne saboda yayana uwa ɗaya uba ɗaya ya yi wannan lalurar shekarun baya, Alhamdulillah ya samu sauƙi yana shan maganinsa yana sana'arsa, amma sau biyu ana fasa ba shi aure da zarar an ji labari, to abin yana ci min rai ba wai don maki kawai nake yi ba.

Na rubuta tambayoyi 20 irin mai zaɓi biyar ɗin nan, daga na yarda ƙwarai zuwa sam ban yarda ba, misali "mai taɓin hankali mutum ne kamar kowa", "ya kamata a tausaya wa mai taɓin hankali", "mai taɓin hankali ya cancanci a mutunta shi" da sauransu. Na raba takarda 120 a ajujuwanmu da kaina tare da taimakon ƙawayena, na tsaya suka cike suka miƙo min. Da na saka a SPSS, manhajar ƙididdiga, alfa (lambar Cronbach da ake duba tsayuwar ma'auni da ita) ta ba ni 0.93, kuma kusan kowa ya nuna ba ya ƙyama. Na kai wa sufabaiza da murnata, ya duba ya duba yace ɗiyata wannan ba ki auna komai ba, ki koma ki yi tunani, daga nan ya shiga mitin. To ni an koyar da mu in alfa ta wuce 0.7 ma'auni ya yi, ina na kuskure? Difens, wato kare furojet, saura wata biyu.

Ɗan_Fagge:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata ni shawarata kar ki ɗaga hankalinki, 0.93 ai lamba ce mai kyau sosai, mu lokacinmu wasu 0.6 ma suka samu kuma suka wuce lafiya. Ki koma ki ba shi haƙuri ki tambaye shi takamaimai me yake so a gyara, wata biyu ba ta isa a sake tattara data daga farko ba, ga jarrabawa ga kuɗin fotokwafi.

Malam_mai_ƙididdiga:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa yayanki lafiya ya kawo masa mace ta gari. Ɗan_Fagge ka yi haƙuri zan saɓa maka, malaminta gaskiya ya faɗa mata, kuma wata biyu ta isa in ta fara yau.

'Yar'uwa bari mu je kasuwa. Kin san mudun da aka buga gindinsa ya lotsa ciki, in mai awo ya auna miki gero da shi yau, ya auna gobe, ya auna jibi, kullum abu ɗaya zai ba ki, ba ya sauyawa ko kaɗan. To ta wannan fuskar mudun tsayayye ne, wannan shi ne rilayabiliti da ake ta faɗa muku a aji. Amma mudu cikakke yake ba ki? A'a. Wannan tambaya ta biyu ita ce baliditi, wato shin abin da kika ce kina aunawa shi ne kike aunawa. Alfa ba ta da bakin magana a tambaya ta biyu kwata-kwata. Lee Cronbach da ya yaɗa ta a 1951 abin da take nunawa kawai shi ne ko amsoshin tambayoyinki suna tafiya tare, wanda ya yarda da ta ɗaya ya yarda da ta biyu da ta uku. Kuma tana da wata ɗabi'a da ba a cika gaya wa ɗalibai ba, duk sanda kika ƙara yawan tambayoyi masu kama da juna sai ta hau. In kika rubuta jimla ɗaya kika sake mata riga sau ashirin alfa za ta kusa taɓa 1, shi ya sa in na ga ta haura 0.9 a aikin ɗalibi abin da na fara dubawa shi ne ko maimaici ne.

Yanzu dubi misalan da kika kawo. Mutum ne kamar kowa, a tausaya masa, a mutunta shi. Wane ɗan Musulmi ko Kirista ne mai tarbiyya zai kalli idonki ya zaɓi "sam ban yarda a tausaya masa ba"? Ko mutanen da suka hana yayanki aure in kika ba su takardar nan na yarda ƙwarai za su cike miki daga sama har ƙasa, kuma ba ƙarya suka yi ba, da gaske suna tausayinsa, 'yarsu ce dai ba za su ba shi ba. Ma'aunin da ya kasa raba wanda zai ba da 'yarsa da wanda zai hana, to ba ƙyama yake aunawa ba, yana auna sanin abin da ya dace mutum ya faɗa ne a gaban jama'a.

Abu na biyu, duk tambayoyinki fuska ɗaya suka kalla. Akwai mutane da yawa da in aka miƙa musu magana a rubuce sukan ce eh kawai, musamman in sun gaji ko suna sauri, sai ka ga mutum ya ja biro a layi ɗaya tun daga ta 1 har ta 20. Tun Rensis Likert da ya kawo wannan salon zaɓi biyar a 1932 ana cakuɗa jimloli ne, wasu yarda da su na nufin goyon baya wasu kuma akasin haka, don a kama irin wannan.

Abin da nake ganin zai fisshe ki shi ne tsohon ma'aunin tazara na Emory Bogardus, malami a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda ya fito da shi wajen 1925 don auna yadda Amurkawa ke ji game da baƙin ƙabilu. Shi bai tambayi mutum ko yana son su ba, hawa-hawa ya jera guda bakwai, za ka yarda ku haɗa zuri'a ta aure, za ka yarda ya zama amininka, maƙwabcinka, abokin aikinka, ɗan ƙasarku, baƙo mai ziyara kawai, ko a hana shi shiga ƙasar gaba ɗaya. Daga baya masu bincike kan lalurar ƙwaƙwalwa suka ari tsarin kuma har yau ana amfani da shi. Ke sai ki mayar da shi gida, za ka ba shi hayar ɗaki a gidanku, za ka ci abinci kwano ɗaya da shi, za ka bi shi sallah, za ki bar masa yaronki ki je unguwa, za ka ba shi ajiyar kuɗin adashi, za ka ba shi ƙanwarka. A nan ne za ki ga amsoshi sun fara rarrabuwa, kuma sai sun rarrabu ne ƙididdiga ke samun abin da za ta yi aiki a kai.

Maman_Ilham:

Malam Allah ya saka da alheri, ka tuna min da binciken da ya fi tsaya min a rai lokacin da nake digiri na biyu. Richard LaPiere na Jami'ar Stanford, a farkon shekarun 1930 lokacin da ƙyamar 'yan Sin ta yi ƙarfi a Amurka, ya zaga ƙasar da wani matashi ɗan Sin da matarsa, suka shiga otal-otal da gidajen abinci 251, wuri ɗaya tak aka ƙi karɓarsu. Bayan wata shida ya aika wa wuraren nan wasiƙa yana tambaya ko za su karɓi 'yan Sin a matsayin baƙi, 128 suka amsa, sama da kashi 90 cikin 100 suka ce ba za su karɓa ba. Ya wallafa a 1934. Kinga baki daban aiki daban.

Amma a riƙa faɗin rauninsa ma, don ana yawan kawo shi kamar ya gama magana. Ba lallai wanda ya amsa wasiƙar shi ne wanda ya tarbe su da suka zo ba, sannan ma'auratan sun zo da shiga mai kyau suna jin Turanci ga kuma Bature a tare da su sau da yawa, ita kuwa wasiƙar "ɗan Sin" kawai tace sai kowa ya zana nasa a kai. Wannan na ƙarshen shi ne nake so ki lura da shi ƙanwata. Da kika rubuta mai taɓin hankali, wa mai amsawa ya gani a ransa? Wani zai hango mutumin da ke yawo a bakin kasuwa da tsumma, wani zai tuna ƙawarsa da ta shiga damuwa bayan haihuwa, wani kuma wanda ƙwaya ta taɓa, wata ma za ta ɗauka masu aljanu kike nufi. Mutum huɗu sun amsa tambaya huɗu daban ke kuma kin tara su kin raba kamar abu ɗaya ne. In kika ce mahaukaci amsa ɗaya za ki samu, in kika ce mai lalurar ƙwaƙwalwa wata daban, alhali mutum ɗaya kike nufi.

Maganin wannan shi ne ɗan gajeren labari a saman takarda. Ki siffanta mutum guda, shekarunsa kaza, tela ne, yana da shago, shekara huɗu da suka wuce ya yi rashin lafiya an kwantar da shi, yanzu yana shan magani yana aikinsa lafiya lau. Sai tambayoyin tazarar da Malam ya faɗa su biyo a kan shi wannan mutumin. Kuma ga inda abin zai yi daɗi, ki buga labarin iri biyu, komai iri ɗaya har waƙafi, sai dai a ɗaya kice an kwantar da shi saboda taɓin hankali a ɗayan kice saboda ciwon suga. Ki cakuɗa takardun kamar karta kafin ki raba yadda ke kanki ba ki san wacce ta faɗa hannun wa ba, kowa ɗaya zai samu kuma bai san akwai ta biyu ba. Tunda sa'a ce ta raba su ba ke ba, masu tausayi da masu tsanani da maza da mata duk za su watsu kusan daidai a ɓangarorin biyu, to in kika ga masu takardar taɓin hankali sun fi ja da baya wajen aure ko haya, ba abin da za a jingina wa sai wannan kalmar da kika sauya. Kin tashi daga jin ra'ayi kin koma gwaji na gaske kenan, kuma kuɗin fotokwafin duk ɗaya ne.

Abin lura kuma, a wajen LaPiere mutane sun faɗi mugun abu a takarda suka aikata mai kyau a zahiri, don a zamaninsu nuna ƙyamar shi ne abin da jama'a ke yabawa. A naki juyawa abin ya yi. Duk inda jama'a suka karkata can baki ke bi.

Tsohon_mai_zaga_ƙauyuka:

Ni ban yi karatunku mai zurfi ba amma na shekara bakwai ina aikin cike takardun tambayoyi gida-gida wa ƙungiyoyi, daga ƙauyukan Katsina har Jigawa, to bari in faɗi abin da idona ya gani. 'Yata babban kuskurenki tsayuwar da kika yi a kansu. Mu Hausawa muna da kara, baƙo ya zo da takarda ya gaishe ka cikin ladabi, kai kuma sai ka nemi amsar da za ta faranta masa, ba yaudara bace a wajenmu mutunci ne. Balle ke 'yar ajinsu ce sun san abin da kike karanta, wataƙila wasu ma sun san labarin gidanku, to wa zai rubuta abin da zai sosa miki rai ya miƙo miki hannu da hannu?

Akwai wani aiki da muka yi kan zuwa awon ciki, in na tambayi mace mijinta na zaune a zaure yana ji amsa ɗaya ce, in abokiyar aikina mace ta shiga ciki ta same ta ita kaɗai sai a ji wata magana daban, gida ɗaya rana ɗaya. Kuma da zarar sun ga mota mai tambari sai kowa ya zama ba shi da akuya ko ɗaya don ana zaton rabon tallafi ne. Shi ya sa masu binciken Afrobarometer, masu jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, suke da wata tambaya a ƙarshen hirarsu, suna tambayar mutum wa yake zaton ya aiko su, don sun san wanda ya ɗauka gwamnati ce ta turo ba zai saki baki kamar wanda bai ɗauka haka ba.

Ki samu kwali ki rufe ki huda sama kamar akwatin zaɓe, ki ba wani da ba ɗan sashenku ba ya raba, kar a rubuta suna ko lambar ɗalibi, a faɗa musu a fili ba dole bane wanda bai so ya bari, don a cikinsu akwai masu irin wannan mara lafiyar a gida ko su kansu. Sannan in za ki kai ta wajen makaranta da Hausa, ki yi hankali da zaɓin tsakiyar nan. Na ga an fassara shi "ba ruwana", na ga "ban sani ba", na ga "tsaka-tsaki", kuma ukun nan ba abu ɗaya bane a kunnen Bahaushe, ba ruwana ma kamar rashin kunya ne dattijuwa ba za ta zaɓa ba ko da shi ne a ranta. Yadda ake yi shi ne mutum ɗaya ya juya zuwa Hausa, wani da bai ga ta asalin ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta a ga inda ma'ana ta zame. Amma ni abin da na fi yarda da shi shi ne ki zaunar da mutum goma ɗaya bayan ɗaya ki karanta musu kice me ka fahimta da wannan, za ki sha mamaki.

Ɗan_Fagge:

Na karɓi gyara Malam, gaskiya ban taɓa kallon alfa ta wannan fuskar ba. Amma ina da tambaya, ko da an sa akwati an ɓoye suna ai mutum zai iya cewa zan ba shi ƙanwata a takarda tunda ba yau za a ɗaura ba. To ba mun dawo inda muka taso ba?

Malam_mai_ƙididdiga:

Tambayarka a kan hanya take, kuma ba a gama da ita ba har yau. Allan Wicker ya tattara bincike sama da 40 a 1969 ya ga alaƙar abin da mutane ke faɗa da abin da suke aikatawa da wuya ta wuce 0.30, wato alaƙa ce mai rauni, har wasu suka fara cewa a watsar da auna ra'ayi gaba ɗaya. Martin Fishbein da Icek Ajzen ne suka nuna a shekarun 1970 cewa in tambaya ta yi daidai da aikin, wane aiki, da wa, a ina, yaushe, alaƙar tana ƙaruwa sosai. Shi ya sa "za ka ba wannan telan hayar shagon gidanku" ta fi "kana mutunta marasa lafiya" kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. Ba za ta kawar da kara duka ba, amma a tsarin da Maman_Ilham ta kawo karar tana nan a ɓangarorin biyu, bambancin da ya rage tsakaninsu shi ake karantawa, kuma in ma ya yi kuskure to ragewa zai yi ba ƙari ba.

Akwai wata dabarar jeri da ake yi wa tambayoyi masu nauyi, a ba mutum abubuwa huɗu ace faɗi guda nawa ka yi ba wanne ba, rabin mutane kuma a ƙara musu na biyar wanda shi ne ainihin abin da ake nema. A Nikaraguwa bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2008 da aka tambayi mutane kai tsaye ko an ba su kyauta don ƙuri'a kusan kashi 2 cikin 100 ne suka amsa, ta hanyar jerin kuwa sai lissafi ya nuna kusan kashi 24. Amma 'yar'uwa kar ki taɓa wannan, tana buƙatar mutane da yawa ƙwarai, da 120 ba za ki samu sakamakon da za a dogara da shi ba.

Abu ɗaya da ba a taɓo ba, ɗaliban sashenku kika tambaya, waɗanda aka shekara huɗu ana koya musu amsar. Wannan ciwon ba naki bane ke kaɗai, a 2010 Joseph Henrich da abokansa biyu sun yi rubutu mai zafi a kan cewa kusan kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji da su a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma suke, waɗanda ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba, da yawansu kuma ɗaliban jami'a ne. Ki fita zuwa sashen injiniya da shari'a da aikin gona, kuma a babi na biyar ki rubuta ƙarara cewa sakamakonki na ɗalibai ne, ba su ne iyayen da ke yanke maganar aure ba.

Ɗalibar_aji_huɗu:

Wallahi ban san da bakin da zan gode muku ba, Allah ya biya ku ya jiƙan magabata. Baba mai zaga ƙauyuka maganarka ta taɓa ni don gaskiya ƙawayena uku a ajin sun san labarin Yaya kuma su suka taya ni rabawa. Na je wajen sufabaiza yau da safe da labarin telan iri biyu da tambayoyin tazara guda takwas, ya karanta yace to yanzu kin fara bincike, ya ce in gwada da mutum goma tukuna kafin in buga da yawa kuma in rubuta masa abin da nake hasashen zan samu da yadda zan lissafa tun kafin in raba ko ɗaya, ya sa hannu ya ajiye kwafi. Ciwon suga ɗin ma yace in yi tunani ko shi ya fi dacewa tunda wasu na gudunsa a aure saboda gado. Tambayata ta ƙarshe Malam, guda uku daga cikin takwas ɗin na juya su kamar yadda kace, misali "zan ji tsoron barin yarona a shagonsa", yaya zan yi da makinsu wajen tarawa?

Malam_mai_ƙididdiga:

Kafin ki tara ko ki nemi alfa, ki cire makin kowacce daga cikin ukun daga 6, wato 5 ta koma 1, 4 ta koma 2, 3 ta zauna yadda take, ki ajiye su a sabon layi kar ki goge na asali. In kika manta za ki ga alfa ta faɗi warwas ko ma ta fito da alamar ragi ki ɗauka aikin ne ya lalace. Kuma malaminki ya yi gaskiya a kan suga, ki sa karaya a haɗarin babur a madadinsa, in yaso sai ki cire maganar shan magani daga labaran biyu ki bar "yana zuwa asibiti ana duba shi lokaci-lokaci" don su zauna iri ɗaya.